Rubutun Da Ke Jikin Taya

Zuwa ga Edita, da iyayenmu dattawan Zango, da Alhazai 'yan kasuwa. Muna roƙo a ba mu ɗan fili a wannan takarda tamu mu faɗi wani abu da ya same mu. Mun san wani zai ce me ya haɗa malamin allo da zancen taya. To, a yi haƙuri a ji.

Shekara 19 ke nan muna karantar da yara a Aboabo, nan Kumasi. Babur kuwa, wanda yaran yanzu su ke kira moto, mun saye shi ne sabo da zirga-zirgar suna da jana'iza da ɗaurin aure, gama kuɗin mota ya ishe mu. Iyakar saninmu da shi mu zuba mai, mu buga, mu hau. In ƙafa ta sace sai mu tura shi wurin mai faci, mu zauna bisa benci muna jan carbi har ya gama. Ba mu taɓa sunkuyawa mun dubi abin da ya ke yi ba, muna ganin wannan ba aikin mai rawani ba ne.

Ran nan, cikin watan Janairu na 2022, aka aiko daga Ejura cewa uwar wani almajirinmu tana kwance, tana son ganinsa. Yaron shekararsa 11, ubansa falken masara ne, shi ya kawo mana shi da hannunsa ya ce ga amana. Muka goya shi bayan sallar asuba muka kama hanyar Mampong, tafiyar wajen mil 60. Hankalinmu kwance, domin tayar baya sabuwa ce, watanta 3 da saye, zanenta ko kaɗan bai goge ba. Muka hau dutsen nan mai kwane-kwane lafiya, muka wuce Mampong. Ba mu yi nisa ba sai muka ji fam! kamar an harba bindiga. Bayan babur ya shiga rawa, muka riƙe, ya ƙi riƙuwa, sai ga mu a ƙasa mu duka biyu.

Wata motar doya tana biye da mu, Allah ya sa da tazara, direba ya taka birki ya tsaya. Yaro ya ƙuje gwiwa da hannu, mu kuma kafaɗa. Hular kwano guda ce, tana kanmu, ba ta kan yaron, wannan kuwa ba mu da abin da za mu kare kanmu da shi. Masu motar suka ɗora mu da babur har Ejura. Uban yaro ya dubi ɗansa, ya dube mu, ya ce, "Allah gafarta Malam, kada ka sa kome a ranka, ƙaddara ce." Muka amsa da haka ne. Amma da mun san abin da muka sani bayan kwana 3, da bakinmu ya yi nauyi.

Akwai wani tsohon almajirinmu da ya sauke a hannunmu, yanzu yana gyaran babur a Magajin ta Suame. Muka kai masa tayar muna faɗa, muna cewa ya dubi mugun ƙusan da ya so hallaka mu. Ya juya ta, ya sa hannu ciki ya shafa, bai sami ƙusa ba. Sa'an nan ya lanƙwasa gefenta da yatsa, sai ga tsaga ƙanana birjik kamar faso a diddige. Ya goge wani wuri da tsumma ya ce, "Allah gafarta Malam, karanta mini nan." Muka duba muka ga lamba huɗu cikin ɗan zobe, 1413. Muka ce ba mu gane ba. Ya sunkuyar da kai, don kunya ta kama shi, ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Watau an yi tayar a mako na 14 na 2013. Ranar da muka saye ta da sunan sabuwa ta haura shekara 8 a duniya.

Jama'a, ku ji fa. Mu da mu ke dukan yaro in ya tsallake wasali, mun yi wata 3 muna hawa bisa rubutu ba mu karanta ba. Abin da ya ja mu ga wannan taya ragin sidi 20 ne da wani mai shago ya yi mana, muka dawo gida muna yabon kanmu wurin iya ciniki. Ba mu ce mai shagon ya sani ba, watakila shi ma haka aka sayar masa. Roba dai tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafi da rana su busar da ita ta yi tauri, zane yana nan ras amma ƙarfi ya tafi. Dokar hanya ta Gana ta 2012 ta hana a ɗaura tayar da ta wuce shekara 4 da yi, mu kuwa ba mu taɓa jin labari ba sai ran nan.

Yaron nan ya zaunar da mu ya biya mana sauran, yadda mu ke biya masa dā. Inda aka rubuta 3.00-17, faɗin taya inci 3 ke nan, ƙarfen ƙafa kuma inci 17. Akwai 'yar kibiya mai nuna wajen da taya za ta juya, in an ɗaura ta a baibai ba ta korar ruwa yadda ya kamata. Akwai kuma wata lamba da harafi a bayanta, tamu 47P ce, 47 ɗin nan ma'anarta kilo 175 ne iyakar abin da tayar za ta ɗauka. A nan mu ke roƙon Alhazai su saurara. Babban buhun masara ya kai kilo 100, wani ya fi. Ku ɗora shi a baya, ku ƙara yaron shagonku, ku ƙara nauyin babur kansa, ku yi lissafi da kanku, ku ne masu lissafi. Muka rubuta duk wannan da ajami a bayan wani kwali, a kwali fa, ba a allo ba, kada wani ya tafi da magana.

Tun daga ranar muka ɗaura niyya ba wanda zai sake sa mana taya sai hannunmu. Ba don masu faci ba su iya ba, da yawansu sun fi mu nesa ba kusa ba. Amma mai faci yana da mutum 5 suna jiransa, ramin da ka nuna masa shi zai toshe, ba zai tsaya duba shekarun tayarka ba. Muka sayi ƙarafa 3 na ɓamɓare taya, da sifana biyu, da famfo, da ɗan ma'aunin iska, da faci da sholisho. Dukansu ba su kai kuɗin taya guda ba.

Gwajin farko abin dariya ne. Ran Alhamis, da ya ke babu karatu, muka tuɓe riga muka shimfiɗa buhu a tsakar gida. Muka cire ƙafar baya, muka watsar da notina ko'ina, muka yi ta kokawa da taya tun hantsi har azahar. Da muka buga iska sai muka ji tsss, ashe mun cije tub da ƙarfe. Muka sake sabo, shi ma muka cije. Almajirai suna leƙe ta katanga suna toshe baki. Uwargida ta fito ta dubi hannunmu ta ce, "Malam, kuɗin tub biyu ai ya biya mai faci sau nawa?" Ba mu tanka ba, don tana da gaskiya. Ƙarshe dai a kafaɗa muka ɗauki ƙafar zuwa Suame.

Abin da ya ɓace mana ƙarami ne. Tsakiyar ƙarfen ƙafa akwai kwari, inda kawunan sifoki su ke. Bakin taya kuwa waya ce a cikinsa, ba ta miƙewa, ko ƙarfinka ya kai na Samudawa. Sai ka danna bakin tayar ya faɗa cikin kwarin nan ta ɗaya gefen, ka taka da gwiwa, sa'an nan gefen da ka ke ɓamɓara ya sami sarari ya fito da sauƙi. In ka ji kana nishi, tsaya, bakin ya fita daga kwari ne. Wajen mayarwa kuma a hura wa tub 'yar iska kaɗan ya yi siffa, a shafa masa hoda, kada ya naɗe. A shafa ruwan sabulu a bakin taya. Kada a shafa baƙin mai, yana cin roba, yana kuma sa taya ta zame bisa ƙarfe. Ƙarfen ɓamɓara a riƙa cin kaɗan-kaɗan da shi, in ya miƙe tsaye kada a tura shi gaba, nan ne mu muka yi ɓarnar tub biyu.

Sauran duk natsuwa ce. Kowane noti da wasa da ka cire ka jera su bi da bi yadda suka fito. Kafin ka sa tub ka shafa cikin taya da yatsa a hankali, gama ƙusa takan karye ta bar kanta a ciki, ka kuma duba robar da ta rufe kawunan sifoki ko ta yage. Sholisho a bar shi ya sha iska kafin a manna faci, mai gaggawa facinsa ba ya kwana. Huji kusa da bawul ba a facinsa, tub ya ƙare. Bayan an buga iska a dubi siririn layin da ke zagaye da gefen taya, ya zama daidai ko'ina. Sa'an nan a ɗaure sandar birki, a daidaita sarƙa, a taka birki a gani tun ba a hau ba. Sabuwar taya tana da santsi, a bi ta sannu kwanakin farko.

Iska kuwa ita ce aka fi rainawa. A namu an rubuta 25 gaba, 28 baya, in da goyo 32, kowa ya dubi nasa. Da safe a ke aunawa kafin taya ta ɗauki zafi, bugu da ƙafa ko matsawa da yatsa ba awo ba ne. In iska ta yi kaɗan taya takan riƙa zamewa tana jan tub, har bawul ya karkace ya tsinke, iska ta fita gaba ɗaya. Kowa ya fita yau ya dubi bawul ɗinsa, in ya ga ya kwanta gefe, to, an fara.

Wani dattijo da mu ke girmamawa ya iske mu ran nan hannu baƙi ƙirin, ya kira mu gefe ya ce, "Malam, wannan bai dace da kai ba, yara za su raina ka." Muka ce, "Baba, mun ji, mun gode." Ba mu yi masa musu ba, babba ne. Amma mun tuna malamanmu na dā, wani maɗinki ne, wani yana fataucin goro har Salaga, wani da hannunsa ya ke yaɓen ɗakinsa, ba wanda ya raina su. Abin da ya kusa zubar mana da mutunci shi ne ranar da muka tsaya gaban falken masara da ɗansa yana jini. Mun koma Ejura daga baya mun gaya masa gaskiyar abin da aka gani a jikin tayar. Ya yi shiru, sa'an nan ya tashi ya tafi ya duba ta motarsa. Yaron yana nan wurinmu har yanzu, mun kuma sayi hular kwano ta biyu.

Yanzu rabin awa ta ishe mu sake taya, manyan almajirai biyu ma sun iya. Duk wanda ke so a karanta masa tayarsa, ko ya ga yadda a ke cirewa, muna ƙofar makaranta kowace Alhamis bayan la'asar. Ba a biyan kome. Sai dai mai son ya gwada da hannunsa ya zo da tub nasa, ya riƙo biyu.

Haza wassalam.