Gidan Wasan da Aka Gina a Makka, Ba a Taɓa Ɗaga Labulensa Ba

A farkon shekarun 1960, wani ɗan jarida haifaffen Makka mai suna Ahmad as-Siba'i ya zuba kuɗin aljihunsa ya gina gidan wasan kwaikwayo a garin nan. Shi ne ya kafa jaridar Al-Nadwa da mujallar Ƙuraish, shi ne kuma ya rubuta littafin tarihin Makka da har gobe ɗalibai ke nema a laburare. Ya tara matasa, aka yi ta atisaye a kan wasan da zai ba da labarin Fathu Makka. Ana saura kwanaki a buɗe, aka hana. Ya rasu a 1984 ba tare da an taɓa yin wasa ko ɗaya a dandalin ba.

Na ci karo da labarin ne a shekarata ta farko a Jami'ar Ummul Ƙura, inda nake digiri na biyu a adabin Larabci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin yana da kuɗi, yana da suna, labarin da ya zaɓa ma na tarihin Musulunci ne, amma duk da haka ƙofa ba ta buɗu ba.

Yau kam lamarin ya juya. A 2018 Saudiyya ta kafa Ma'aikatar Al'adu mai zaman kanta. A Fabrairun 2020 aka kafa hukumomi 11 a ƙarƙashinta, ɗaya daga ciki ta wasan kwaikwayo da wasannin dandali ce. A 2021 aka ƙara da Asusun Raya Al'adu. A Afrilun 2024 hukumar ta gabatar da Zarƙa'ul Yamama a Riyad, wasan waƙe irin wanda Turawa ke kira opera, da harshen Larabci.

A ganina, babban abin da kuɗin gwamnati ke saya wa ɗan wasa shi ne mutunci da lokaci. Wata ƙawata 'yar Jidda da muke aji ɗaya ta ce mini shekara goma da suka wuce ko da wasa ba za ta ambaci hawa dandali a gaban mahaifinta ba. Yanzu ƙanwarta na zuwa horo, uban da kansa ke kai ta, don ya ga tambarin ma'aikata a jikin takardar. Lokaci kuwa, duk wanda ya taɓa shirya wasa ya san sai an yi wata biyu ko uku ana maimaitawa kafin daren farko. A watannin nan babu tikitin da ake sayarwa, amma mai haske da tela da kafinta da su kansu 'yan wasan sai sun ci tuwo. Ko gidan ya cika maƙil, kuɗin ƙofa ba kasafai yake rufe wannan ramin ba. Shi ya sa Ingila ma, da duk yawan masu kallonta, ta kafa majalisar tallafa wa fasaha tun 1946.

Mu ma mun taɓa ɗanɗana irin wannan a gida, sai dai ba mu kira shi tallafi ba. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da wasannin Ƙasimu Yero, a gidajen rediyo da talabijin na gwamnati a Kaduna suka yi ƙarfi. A Nijar, Yazi Dogo da jama'arsa ta gidan talabijin na ƙasa suka shiga kowane gida. Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, aljihun tashoshin ya bushe. Daga 1990, da fitowar Turmin Danya a Kano, kasuwar bidiyo ta ɗauki ragama. Kannywood ta ciyar da dubban mutane, ban raina ta ba. Amma kasuwa fim take so a gama cikin mako, ba ta biyan atisayen wata uku.

Kawuna na cikin waɗanda guguwar ta bari a baya. Ya yi shekaru a wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a Zariya, yau kayan masarufi yake sayarwa. Da na karanta masa jerin hukumomin nan ta waya, sai ya yi dariya.

"To 'yar nan, wanda ya ba ki kuɗin, zai bar ki ki yi masa habaici?"

Na ce, "Kawu, ku da kuka yi a gidan gwamnati fa?"

Ya ce, "Mun yi, amma a lulluɓe. Sai an kwana biyu mai kujera ya gane da shi ake."

Tambayarsa ba ta bar ni ba. Wanda ya biya kuɗin kiɗa yakan so a kira sunansa, kuma hukuma ko ta ina ta fi son babban biki da za a ɗauka a hoto, a kan ƙaramar ƙungiyar unguwa da ba ta da rajista, balle akanta. Galibin manyan wasannin a Riyad da Jidda ake yin su.

A bara, bayan Babbar Sallah, mu ɗalibai muka yi karo-karon riyal hamsin-hamsin, muka kama wurin taro a bayan gari, muka yi ɗan wasa da Hausa a kan alhajin da ya ɓace wa tawagarsa a Mina. Zanin gado muka rataya a matsayin labule. Cikin masu kallo har da tsofaffi daga Shara Mansur, jikokin waɗanda suka zo da ƙafa ta Sudan, wasunsu ba su taɓa taka Kano ba. Wata Hajiya ta riƙe hannuna bayan an tashi, tana haɗa Hausa da Larabci, ta ce, "'Yata, yaushe za ku sake?"

Biyu daga cikin 'yan wasan sun kammala karatu sun koma gida. Riyal tamanin ya rage a asusun, yana hannun ma'ajinmu.