Baƙon da Muka Sayo a Hanyar Bwari

A watan Disamba na 2021, lokacin da hunturu ya kankama ana ta cinna wa dazuzzukan kewayen Abuja wuta, muna komowa daga Bwari da la'asar sai muka ga wani yaro a bakin hanya rungume da wata 'yar dabba, an ɗaure mata ƙafafu da igiyar rama. Ko da muka tsaya, sai ya ce naira dubu takwas, in kuwa ba a saya ba kafin magariba, to, tukunya za ta. Yaranmu suka sa kuka. Muka biya ba ciniki, muka kamo hanyar Kubwa zuciya fari ƙal, muna ganin mun ceci rai.

Yara suna ta murnar sun sami barewa, sai Baba maigadi, wanda ya yi farauta da ƙuruciyarsa a dajin Birnin Gwari, ya gyara mana zance. Ya ce, "Malam, wannan ai ɗan gada ne, namiji kuwa. Barewa sai can arewa inda daji ya yi fili." Sa'an nan ya tambayi inda uwar take. Muka ce maraya ne, haka yaron ya faɗa. Baba ya jinjina kai, ya ce gada takan ɓoye ɗanta cikin ciyawa ta tafi kiwo, ta riƙa zagayowa tana ba shi nono, wanda duk ya gan shi kwance shi kaɗai sai ya zaci yasasshe ne. "Ko dai an kashe ta, ko kuwa tana can tana nemansa." Ba mu so jin wannan magana ba, don haka muka bar ta nan inda ta faɗi.

Madarar gwangwani ta sa shi zawo har muka fid da rai, sai da muka koma ga nonon akuyar maƙwabta sa'an nan ya miƙe. Ba za mu ɓoye ba, watannin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin da gidanmu ya gani. Yakan bi Auta duk inda ta sa ƙafa, ya ci ganyen zogale a tafin hannunta, ya kwanta gindin gwaiba yana tuƙa. Baƙi kan yi ta sha'awa, mu kuma mu ce ai ba mu muka fara ba, sarakuna da attajirai sun daɗe suna ajiye barewa da jimina da ɗawisu. Abin da ba mu faɗa shi ne su fili gare su, mu kuwa tsakar gidanmu siminti ce, taku ashirin ka ƙure ta.

Kafin shekara ta zagayo ƙahoni sun fito, gajeru masu tsini kamar basilla. Ya shiga goga wani baƙin tsagi da ke ƙarƙashin idonsa a jikin ƙofofi da ƙafafun kujeru. Baba ya ce shata iyakar ƙasarsa yake yi, watau a ganinsa gidan ya zama nasa. Naman dawa yakan guji mutum, wannan kuwa da ya tashi a hannun mutum bai san tsoronsa ba. Wata safiya Auta ta sunkuya ɗaukar kwano a gabansa, ya kai mata suka a cinya, sai da aka yi mata ɗinki. Ranar muka kafa masa turke. Daren shiga 2023 kuma, da samarin unguwa suka soma wasan wuta, ya tsinke igiya ya riƙa gwara kansa da katanga har bakinsa ya yi jini.

Muka ce to a mayar da shi daji. Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce dabbar da ke tarar mutum da gudu, ta tsaya tana kallon kare, ba za ta kwana biyu a dawa ba. Hausawa na cewa sabo turken wawa. Mu muka kafa turken, shi ya ɗauru. A lokacin ne kuma muka san cewa tun 1985 akwai dokar tarayya da ta hana kama wasu namun daji da cinikinsu, wasu kuma sai da izini, aka ƙara mata ƙarfi a 2016. Da mun yi tunani, tun daren farko da masana muka nema, ga gidan namun daji nan a Asokoro gindin Dutsen Aso, ga kuma hedikwatar hukumar gandun daji ta ƙasa a hanyar filin jirgin sama.

Wani lokaci mukan ba kanmu haƙuri da cewa da ba mu saya ba da an yanka shi, gaskiya ne kuwa. Amma akwai wata gaskiyar da ta fi wannan ɗaci. Tun da aka dawo da gwamnati Abuja a 1991 birnin ke cin daji, unguwarmu kanta gonakin Gbagyi ce da kurmi a da. Mun shiga gidan gada mun zuba siminti, sa'an nan muka ɗauko ɗanta muka kira shi baƙo. Shi ya sa duk wanda ya tambaye mu yanzu ko ya ajiye irin wannan dabba don yara, mukan ce a'a, ba tare da kwana-kwana ba.

Daga ƙarshe wani likitan dabbobi ya karɓe shi ya kai wata gona mai shinge a wajen Kuje. Ba daji ba ne, amma akwai ciyawa da inuwa, kuma ba siminti.

Da hunturun ya sake zagayowa muka bi hanyar Bwari. Yaron yana nan, ya ƙara tsawo, guda biyu ne a hannunsa. Ya shaida motarmu tun daga nesa, ya taho a guje yana ɗaga su sama. Ba mu tsaya ba. Auta ta juya ta manna fuska da gilashin baya, ba ta zauna ba sai da muka sha kwana.