Furen Bado a Gonar Kawu

Furen bado ba ya jiran mai barcin safe. Da dare yake buɗewa, in hantsi ya ɗaga sai ya tsuke bakinsa, don haka mai son hotonsa daga masallacin asuba sai bakin ruwa. Haka na yi wata safiya a watan Oktoba na 2022, a ƙauyen su mahaifiyata da ke fadamar Kogin Haɗejia, ta wajen Baturiya.

Wani tsohon kalanda ne ya jawo tafiyar. Tun ina yaro yake rataye a shagon wani tela a Haɗejia, da hoton gonakin furen tulip na ƙasar Holan, ja da rawaya, jere kamar an shimfiɗa atamfa. Shekaru sun wuce, telan bai sauke shi ba. Ni kuwa na ƙudura a raina cewa mu ma muna da furen da za a rataya a bango, mai ɗauka kawai muka rasa. Da na samu aron kyamara, sai na roƙi Kawu ya fita da ni a kwalekwalensa.

Bai ce komai ba, ya ɗauki gora. Muka ratsa ta cikin kacalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogin, har muka fito wani fili. Ban taɓa ganin bado mai yawa haka ba. Fari fat, cikinsa rawaya, raɓa kwance a kan faffaɗan ganyen, ga wani ɗan tsuntsu mai dogayen yatsu yana takawa a kai kamar a tsakar gidansu. Na kwanta rub-da-ciki a gaban jirgi don in daidaita da fuskar ruwa, gama hoton bado daga sama ba shi da rai. Ina ta cewa, "Kawu, matsa dama kaɗan. Kawu, tsaya, kana kaɗa ruwan." Yana yi.

Can ya kafa gorar, ta nutse kusan rabinta. Ya ce, "Ɗan nan, ka san inda muke?"

Na ce a'a.

"Gonata ce. Shinkafar tana ƙarƙashinka."

Ambaliyar shekarar ce ta cinye ta tana gab da fitar da kai. Na ji labari a waya, na yi masa jaje kamar yadda ake yi, amma ban gane wurin ba, wurin da na sha korar tsuntsaye ina yaro. Na rasa inda zan sa kyamarar.

Shi kuwa ya sunkuya ya tsinko wani ƙullutun bado da ya riga ya nuna, ya fasa shi da babban yatsa, ya nuna mini ƙananan ƙwayoyin da ke ciki. Ya ce a shanya su, a daka, a yi tuwo. Saiwar ma ana dafawa. Da shi kakarmu ta riƙe su a yunwar 1973. Ya ce bana ma mata sun fara fita ɗiba.

Daga baya na karanta cewa a hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, yunwa ta sa mutanen Holan cin albasar tulip ɗin nan. Kalandan tela bai faɗa mini wannan ba, kuma na lura nawa hoton ma ba zai faɗa wa kowa ba.

Kawu ya dubi rana ya ce, "Ɗauki abinka, sun kusa rufewa." Na ɗauki uku na ajiye. Muka juyo, ina tsinko ƙullutun ina jefawa cikin jirgi, yana nuna mini da baki waɗanda suka nuna.