Furen Kariya

Karatu: Ibraniyawa 12:14-15, Luka 6:43-45

A ƙofar gidana a Dutsin-Ma akwai itacen kariya. Wata tsohuwa daga zumuntar mata ce ta kawo reshenta daga wani ƙauye a ƙasar Kurfi, ta kafa shi a ƙasa, ya kama. Tsawonta bai wuce na mutum ba, gindinta kuwa a kumbure yake kamar tulu, gama a ciki take ajiye ruwan da ta sha da damina. Saboda haka idan rani ya tsananta, ciyawa ta bushe, ita ma ta zubar da ganye, sai ta fito da furanni ja-ja masu farin ciki, siffarsu kamar bakin kakaki. Duk wanda ya wuce sai ya waiwaya.

Amma kariya tana da wani hali. Idan aka yanke reshenta, ruwan da ke tsattsafowa dafi ne. Maharba na dā suna shafa shi a kan kibiya, awaki kuma, duk kwaɗayinsu, ba su cika kusantarta ba.

Shekarun baya wani dattijon ikkilisiya ya zarge ni a gaban taro a kan kuɗin gini. Aka bincika littafin kuɗi, ba a sami laifina ba, amma bai nemi gafara ba. Na ce na yafe. Kowace Lahadi ina gaishe shi da fara'a, ina miƙa masa gurasa a Jibin Ubangiji, jama'a suna yabon haƙurina. A gida kuwa, da zarar an ambaci sunansa sai muryata ta canja.

Wata safiya ina rage rassan kariyar nan, matata ta ce, "Fasto, ka wanke hannu kafin ka taɓa abinci. Kyanta a waje yake." Na tsaya da wuƙa a hannu ina duban ruwan da ke ɗiga. Na gane cewa shekara biyu ina fure a kan bagade, ina ajiye dafi a zuciya. Marubucin Ibraniyawa ya gargaɗe mu game da saiwar ɗaci wadda take tsiro ta ƙazantar da mutane da yawa. Tawa ta riga ta kai ga 'ya'yana, domin sun daina gaishe da dattijon, ba kuwa wanda ya koya musu sai ni.

Da yamma na tafi gidansa. Ban je neman ya amsa laifinsa ba, nawa na kai. Ya yi shiru har na zaci ba zai amsa ba, sa'an nan ya sa aka kawo mini ruwa. Ba mu zama aminai ba har yau, amma ina iya yi masa addu'a da sunansa.

Ɗan'uwa, jama'a furenka suke gani. Ubangiji Yesu ya koya mana cewa abin da ya cika zuciya shi ne baki yake furtawa. Ranar da aka yanke ka, me zai fito?

Addu'a: Ya Uba, ka bincike zuciyata. Ka tumɓuke ɗacin da na ɓoye, ka cika ni da Ruhunka Mai Tsarki. A cikin sunan Yesu, amin.