Yaron Dambanas da littattafan ƴan lekol

Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati na Matamaye da ya taɓa komowa daga Yamai da tsarabar littafi ga ɗansa, ya san ƙananan littattafan nan na Faransanci masu hotuna, waɗanda ke ba da labarin rayuwar manyan mutane. A cikinsu ne yaro ke gamuwa da Louis Pasteur, wanda a 1885 ya ceci wani yaro da mahaukacin kare ya ciza. Da Thomas Edison mai ƙwan lantarki. Da René Caillié, Bafaranshen da ya shiga Tumbutu a 1828 da shigar Larabawa. Da kuma Jacques-Yves Cousteau, wanda shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙera, a 1943, na'urar shaƙar iska da mutum ke goyawa ya nutse ƙarƙashin teku.

Littattafai ne masu amfani, babu mai musun haka. Suna koya wa yaro haƙuri da naciya, suna nuna masa cewa babban malami ma ya taɓa zama ɗan ƙaramin mai yawan tambaya. Ko labarin teku bai yi wa ɗan Matamaye nisa ba, duk da Nijar ba ta da gaɓa. Hajar da ke cikin kantin ubansa ta tashar Kwatanu ko ta Lome ta shigo, iskar da ke kawo damina daga tekun Atlantika take tasowa, kuma masu bincike sun gano cewa sauyin ɗumin ruwan teku na da hannu cikin farin 1973 da na 1984.

Sai dai akwai wani karatu da yaron ke ɗauka wanda ba a rubuta shi ba. In ya gama littafi goma ya rufe, zai lura cewa duk masu suna daga ƙetare suke. Mutanen da suka yi kama da shi suna nan cikin hotuna, amma a bayan nasara, da kaya bisa kai ko akalar raƙumi a hannu, ba suna, ba gari. Ba wanda ya ce masa bincike aikin wasu ne. Hotunan sun riga sun faɗa masa.

Alhali kuwa ɗaya daga cikin masu riƙe akalar nan maƙwabcinsa ne, kuma yana da suna. Dorugu ake ce masa. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, cikin ƙasar Kance. Yana ɗan shekara goma sha wani abu mahara suka kama shi, aka bi da shi ta Damagaram har Kukawa, babban birnin Barno a wancan zamani. Can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya ƴanta shi ya ɗauke shi aiki. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi a 1852, sai yaron ya koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutane suka sani da Abdul Karim.

Daga nan duk inda Barth ya sa ƙafa, Dorugu ya sa tasa. Sun sauka Damagaram a watan Disamba na 1852, garin da aka taɓa ratsawa da shi yana bawa. Suka wuce Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka ƙetare kogin Kwara a Sayi, suka isa Tumbutu a watan Satumba na 1853. A 1855 suka keta hamada ta Bilma zuwa Tarabulus, yaron ƙasar gero da gujiya ya shiga jirgin ruwa, ya ratsa Faransa, ya sauka Landan tare da ɗan uwan tafiyarsa Abbega.

Abin da ya bambanta Dorugu da sauran masu ɗaukar kaya shi ne maganarsa ba ta ɓace ba. A Ingila ya zauna wurin wani malamin mishan, James Frederick Schön, ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, shi kuwa yana rubutawa. Hausar Dorugu ta taimaki Schön wajen littafin nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876, labarin kuma ya fito cikin Magana Hausa a 1885. A ciki an juya madubi: Bahaushe ne ke kallon gidajen nasara da cimarsu da al'adunsu, yana auna su da abin da ya baro gida. Ya komo Afirka a 1864, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. An fassara labarinsa da Ingilishi a 1971, manyan malamai na jami'o'i suna nazarinsa. Amma wanda ya fi kowa haƙƙin jin sa shi ne ɗan lekol na Kance da Matamaye.

Haka zancen yake ga masu ƙirƙira. Yaron da ya haddace sunan Edison ya cancanci ya san Abdu Mumuni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, malamin kimiyyar da ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana, inda aka ƙera tukwanen dafuwa da na ɗuma ruwa masu aiki da zafin rana. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma sunansa take ɗauke da shi. Yaro nawa ne ke jin sunan a rediyo ba tare da sanin cewa mai shi ya taɓa zama ɗan lekol kamarsa ba?

Maganin abin bai fi ƙarfin garin ba. Littafi ne na ƴan shafuka, Hausa a dama, Faransanci a hagu, da taswirar hanya da zane mai kyau. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, saboda haka masu iya rubutun ba su yi ƙaranci ba. Malaman lekol su rubuta, attajiran da ke gina masallatai suna ɗaukar nauyin kokuwa su biya maɗaba'a. Sharaɗi ɗaya ne: a faɗi gaskiya duka. Kada a ɓoye wa yaro cewa ba nasara ne ya kama Dorugu ya sayar ba, mutanen wannan yanki ne. Yaro na iya ɗaukar gaskiya in an ba shi ita da ladabi.

Pasteur da Cousteau su zauna inda suke cikin jakar ɗan lekol, a dai matsa kaɗan a yi wa Dorugu da Abdu Mumuni wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya ji cewa wani ɗan Kance ya ga Tumbutu da Landan ya kawo labari da harshen uwarsa, ba zai ƙara kallon taswira da idon baƙo ba. Allah ya ba iyaye da malamai ikon cika wannan aiki, amin.