Madubin Likita da Carbi

Akwai wani dattijo a Birnin Kebbi wanda ya yi shekara talatin yana aiki a ɗakin awo na asibiti. Da safe yana kan madubin likita yana duba jini da kaki, da maraice kuwa ya ɗauki carbinsa ya nufi coci, gama shi ɗan Katolika ne tun yana yaro. Abokan aikinsa sukan zolaye shi, su ce yaya mutum zai bauta wa iyayengiji biyu. Shi dai sai ya yi murmushi, don bai taɓa ganin gaba tsakaninsu ba.

Cikin 2019 aka auna ɗan ƙanwarsa da ke zaune a Argungu, aka tarar yana da tarin fuka. Aka ɗora shi kan magani na wata shida, uwar kuma ta dukufa ga addu'a ba dare ba rana. Kafin wata biyu tari ya lafa, zazzaɓin dare ya tafi, yaro ya soma yin ƙiba. Sai ta aiko wa wanta cewa Allah ya yi mu'ujiza, za ta zubar da sauran ƙwayoyin, don a ganinta ci gaba da sha raina ikon Allah ne.

Ko da dattijo ya ji haka bai kwana ba sai a Argungu. Ya san abin da ita ba ta sani ba, watau ƙwayar cutar nan da Robert Koch ya gano cikin 1882 takan yi lamo in ta ji magani. In aka yanke shi a tsakiya sai ta farfaɗo, wani lokaci ma ta daina jin maganin sam. Amma ya san in ya fara da zancen likita za ta ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. Saboda haka ya fara da zancen Ikilisiya.

Ya ba ta labarin Lourdes ta ƙasar Faransa, inda Katolika suka gaskata Maryamu ta bayyana ga wata yarinya, Bernadette, cikin 1858. Marasa lafiya suna tururuwa can har yau. To, amma tun 1883 aka kafa ofishin likitoci a wurin, kuma ana karɓar kowane likita cikin binciken, ko mai addini ne ko ba shi da shi. Wanda ya ce ya warke, sai a tambaye shi takardun asibiti. Sharuɗɗan kuwa tsofaffi ne, daga malamin da ya zama Paparoma Benedict na 14 cikin 1740. Lalle cutar ta zama mai tsanani, an kuma tabbatar da ita. Warakar ta zo farat ɗaya, ta zama cikakkiya, ta ɗore shekaru, sa'an nan kada a sami wani magani da za a jingina ta gare shi. Cikin mutum fiye da 7,000 da suka kai labarinsu, zuwa 2018 saba'in kaɗai bishof-bishof suka yarda a kira nasu mu'ujiza.

Ya ce mata, "Ƙanwata, da za a kai yaron nan Lourdes, tun a bakin ƙofa za a sallame ku. Sauƙinsa a hankali ya zo, magani kuma yake sha."

Ta ce, "Ashe, Yaya, addu'ata ta tafi a banza ke nan?"

Ya ce, "Ko kusa. Wa ya ba Koch basira? Kin manta fada-fadan Dominikan da aka danƙa wa yankin Sakkwato cikin 1953, su suka koya mana addini? Waliyyinsu Albert, wanda ya yi ta nazarin tsirrai da dabbobi, shi Paparoma ya naɗa majiɓincin masu kimiyya cikin 1941. Ke da kike bakin Matan Fada, in kin ga ruwa ya kwanta, kya ce babu giwan ruwa a ƙasa? Kada ganin hadari ya sa ki zubar da ruwan randa."

Maƙwabcinta, wani malami Musulmi da ya shigo gaisuwa, ya ji ƙarshen zancen. Ya ce su ma a wurinsu mu'ujiza ta annabawa ce, karama ta waliyyai, ba a yin gaggawar laƙaba su ga kowane abu. Ya ƙara da cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da tsoron Allahnsa, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magunguna.

Matar ta yi shiru, can ta tashi ta ɗauko ƙwayoyin daga ƙarƙashin gado. Yaro ya cika wata shida, aka aika da kakinsa Birnin Kebbi, ba a sami kome ba. Ran Lahadi ta sa aka yi Mas na godiya, dattijo ya durƙusa kusa da ita, takardar awon tana cikin aljihunsa.