Damisa Ƙi Sabo

Bahaushe ya yi wa damisa kirari da "ƙi sabo", kuma duk wanda ya taɓa neman hotonta zai gaskata shi. Masu ɗaukar hoton namun daji a gandun Luangwa na ƙasar Zambiya ko na Kuruga a Afirka ta Kudu sukan wuni a gindin itace guda, alhali kuwa tana kwance a reshe bisa kansu. Dalili shi ne, rodi-rodin jikinta ya yi daidai da hasken rana da ke ratsowa ta tsakanin ganye, sai ido ya kasa raba fata da inuwa. Hawan itacen ma ba don shan iska kaɗai ba ne, can takan ja naman da ta kama don kada kura ko zaki su ƙwace.

To, ni ɗan Argungu ne, ina kuwa da sha'awar ɗaukar hoto. Da hutun da ya wuce na ari kyamara, na tafi wurin wani tsohon maharbi abokin kakana don ya koya mini dabarar ganinta. Sai ya ce, "Yaro, ba a neman damisa gaba ɗayanta. Wutsiya ake nema, domin reshe ba ya reto shi kaɗai in babu iska. In ba ka ga wutsiya ba, saurari birai da zabin daji, su ne 'yan tsegumin dawa." Na tambaye shi inda zan same ta. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce rabonsa da ganin sawunta tun ba a haifi mahaifina ba.

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Na bi fadamar Rima daga Argungu har Birnin Kabi, ina duba kowace tsamiya da kanya yadda ya koya mini. Na samu hoton guza da na mujiya, amma inda a da kurmi ne, yanzu shinkafa ce iyakar ganinka, sai amalanken itace da buhunan gawayi a bakin hanya. Wani dawan da aka san da damisa shi ne gandun W na Nijar, wanda aka kafa a 1954, shi ma rashin tsaro ya hana shiga. Tun 2016 ƙungiyar duniya mai kula da halittu ta sa damisa cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Masu bincike kan ɗaure kyamara a gindin itace, ta ɗauki hoto da kanta in dabba ta gifta, da haka suke ƙirga su, domin kowace damisa da irin zanenta.

'Yan'uwana ɗalibai, ga inda abin ya shafe mu. Muna nazarin karin magana da kirari, amma in dabbar ta ƙare, da me za mu yi wa na baya bayanin "ƙi sabo"? Gidan tarihi na Kanta ya adana mana makaman kakanninmu, amma ilmin daji yana ƙirjin tsofaffi, su kuwa tafiya suke yi. Shawarata ita ce, duk mai tsohon maharbi a garinsu ya je da takarda da alƙalami tun da sauran lokaci. Allah Ya sa mu dace.